Wane rairayi ya dace a zuba ma mussar cikin gida?

Maman Ilham: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nike nema. Mun tashi daga gidan gado a Maradawa mun koma haya Ali Ɗan Sofo, kuma gidan duk siminti ne da karo, ko tafin hannu na ƙasa babu a tsakar gida. Ina da mussa mace. Da can ba mu ma san inda take kewayawa ba, bayan ɗaki take zuwa ta tona ta rufe abinta. Yanzu ta maida ƙarƙashin gado makewayi. Maigida ya ce ko in san yadda zan yi da ita, ko ta bar mishi gida. Na ga a intanet ana sayar da wata ƙasa ta musamman cikin buhu. Akwai ta nan Maradi? Kuma dole sai ita, ko rairayinmu ya isa?

Na Mokoyo: Ikon Allah. Mun kai lokacin da za a sayo ma mussa ƙasa a buhu, a garin da iska ke kawo muna ita kyauta har cikin tuwo.

Hajiya ta Bagalam: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kada ki ɓata kuɗinki. Ki samu tsohon baho mai faɗi, ki sa yaro ya ɗebo miki rairayin gulbi, ki zuba, ki barbaɗa toka bisa. Haka munka taras iyayenmu na yi in damina ta hana ta fita. Mussa ba ta son ƙazanta, in ta ga wurin tono ita da kanta za ta je, ba sai an koya mata ba.

Alhaji Mai Shago: Hajiya, ranku ya daɗe, zan ɗan saɓa muku. Araha ba ta ado. Gidanku babban gida ne, iska na shiga ta ko'ina, baho na can ƙarshen tsakar gida. Wannan baiwar Allah ɗaki biyu da falo take magana. Rairayi ba ya shan wari, fitsarin sauka yake ya kwanta a gindin baho, a watan Afrilu kwana ɗaya ya isa gidan ya ɗauka. Ta buhun da take faɗi yumɓu ne, bentonit sunanshi. In fitsari ya taɓa shi sai ya dunƙule ya yi curi, ki ɗauke curin kaɗai ki bar sauran a bushe. Na gan shi a manyan shagunan Yamai, akwai na Turkiyya fari tas, kuma masu zuwa Katsina da Kano ta Ɗan Isa suna iya riƙo ma mutum.

Maman Ilham: Alhaji kuna da shi a shago?

Alhaji Mai Shago: Ba na ajiyewa, don masu tambaya ba su da yawa. Kaya ne mai nauyi, kuɗin mota ke cinye shi. Tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke bi ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kowa ya san abin da hakan ya yi ma farashi. Amma in an yi oda ana samu.

Na Mokoyo: Wato ƙasa ce za ta hau jirgin ruwa, ta hau kamyo, ta biya duwan, ta yi kilomita fiye da 600 daga Yamai, don mussar Maman Ilham ta tsuguna a kai. Mussar nan ta fi ni gata.

Likitan Bisashe: Salamu alaikum. Na karanta duka. Hajiya da Alhaji kowa na da gaskiya a gefenshi, amma bari in fara da abin da ita mussar ke so, don ita ce za ta shiga bahon, ba mu ba.

Asalin mussar gida daga mussar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, dabbar busasshiyar ƙasa. Tafin ƙafarta na son abu mai laushi, mai ƙananan ƙwayoyi, wanda zai tonu ya rufu. In aka jera mata baho da yawa, mafi yawansu mai laushi marar ƙamshi suke zaɓa. Shi kanshi bentonit ɗin abin da ya sa ya karɓu wurinsu shi ne ya yi kama da rairayi a ƙafa. To mu da muke zaune bisa rairayin ba mu da dalilin raina shi.

Inda Alhaji ya yi gaskiya shi ne wari. Cikin fitsari akwai sinadarin ure, ƙwayoyin cuta na farfasa shi ya koma amoniyak, wannan zarnin mai hawa ido. Zafi na gaggauta aikin. Rairayi ba ya tsotse ruwa cikin ƙwayarshi, tsakanin ƙwayoyin ruwan ke bi ya sauka. Saboda haka mai amfani da rairayi dole ya yarda da wahala: a kwashe kashi safe da marece, a kwashe jiƙaƙƙen wuri har gindi, kuma duk kwana biyu ko uku a juye baki ɗaya a wanke baho a shanya. Mai bentonit yana iya kai sati biyu zuwa wata bai juye duka ba, in yana kwashe curin kullum. Bambancin kenan. Ɗaya kuɗi yake ci, ɗaya ƙarfi.

Amma Hajiya, da girmanku, tokar nan a bar ta.

Hajiya ta Bagalam: Ikon Allah, likita, tokar mi ta yi? Da ita muke kashe warin salga tun kana goye.

Likitan Bisashe: Haka ne Hajiya, a salga tana aiki don tana busar da kashi tana korar ƙuda, kuma ba wanda ke taka ta. A bahon mussa lamarin daban ne. Toka na da kaifi irin na kanwa, in ta haɗu da fitsari ƙara sakin amoniyak take maimakon ta riƙe shi. Sannan mussa na lashe ƙafafunta bayan ta fito, duk abin da ya manne ciki zai tafi. Ga kuma sawun toka bisa darduma da zanen gado. Kanwa ma haka, don na san wani zai kawo ta.

Maman Walid: Wallahi ita nike shirin rubutawa.

Ɗalibin Ɗan Dikko: Abin dariya, tokar nan ita ce ma sanadin ƙirƙiro ta buhun. A 1947 a jihar Mishigan ta Amurka, wata mata rairayinta ya daskare saboda sanyi, ta koma zuba toka, mussa ta bi gida da baƙin sawu. Sai maƙwabcinta Ed Lowe, wanda gidansu ke sayar da busasshen yumɓu na tsotse mai a masana'antu, ya ba ta ta gwada. Daga nan ya fara ƙullawa yana sayarwa. Mai dunƙulewar kuma sai wajen 1984 wani masanin sinadarai Thomas Nelson ya fito da shi. Kun ga su ma Turawan da rairayi da toka sunka fara, sanyi ne ya kore su. Mu kuwa rairayinmu ba ya daskarewa.

Alhaji Mai Shago: Ba ya daskarewa amma yana jiƙewa. Ka bari Agusta ta zo gulbi ya kawo, ka je ka ɗebo busasshe in gani.

Hajiya ta Bagalam: Shi ya sa mai hankali ke tanadi tun bazara. Buhu biyu na taki in ka cika ka jingine cikin zaure sun kai ka kaka.

Maman Ilham: To likita, kowane rairayi? Akwai tuli ƙofar gidanmu na masu gini.

Likitan Bisashe: Nan ne ya kamata a tsaya. Tulin da ke kan titi duk mussoshin unguwa da karnuka sun riga ki, makewayinsu ne da dare. Cikinshi akwai ƙwan tsutsar ciki, akwai ƴaƴan wata tsutsa mai huda fata, wadda in yaro ya yi wasa a jiƙaƙƙen wuri za ki ga jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya a ƙafarshi, akwai kuma ƙuma. Ki nemi mai amalanke ya kawo miki daga cikin gulbi, nesa da inda mutane ke kewayawa da inda ake zubar da shara. Ki tankaɗe da rariyar ƙarfe, tsakuwa da ƙaya da fasassun kwalabe su fita. Ki baza shi siriri bisa leda ko kwanon rufi a rana ta kwana biyu uku, kina motsawa. Ranar Maradi na kashe da yawa daga cikinsu, ban ce duka ba. In ɗan kaɗan ne kuma kina da tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita, ki soya shi bisa wuta ya yi zafi sosai, ki bari ya huce. Wannan ya fi tabbas.

Kada ki ɗauki mai laushi ƙwarai irin wanda iska ke tarawa gindin bango, ƙura ce, tana sa su atishawa da tari, ku ma haka. Kuma ban da jar ƙasa ko laka, in ta jiƙe taɓo take zama.

Bahon kuma ya yi tsawon mussar da rabi, ta iya juyawa ciki. Bidon mai na lita 25 in aka kwantar aka yanke gefe ɗaya yana yi, a wanke shi sosai a goge bakin kada ya yanke ta. Zurfin rairayi kamar santimita 5 zuwa 7. Tsohon matsamin ƙosai ya isa kwasa, a ware shi kada ya sake komawa madafa. A ajiye nesa da kwanon abincinta da ruwanta, wurin da ba hayaniya, kuma kada a riƙa canza mishi wuri.

Kafinta Sabon Gari: Ni fa garin katako nike zuba ma tawa, gashi nan buhu buhu muna rasa yadda za mu yi da shi, masu kaji kaɗai ke ɗiba. Yana shan ruwa fiye da rairayi kuma ba nauyi. Mai so ya zo ya ɗauka kyauta.

Maman Walid: Na gwada, yana bin ƙafa da jela har cikin kujeru. In fanka na aiki kuwa sai gidan ya koma shagonku.

Likitan Bisashe: Yana shan ruwa, gaskiya ne, kuma yana rage wari fiye da rairayi. Amma malam kafinta, na wane katako? In na fallen katako ne zalla, kuma mai ɗan kauri irin wanda injin gogewa ke fitarwa, ba laifi. In ya gauraya da na filawud da allon da aka matse da gam, ko wanda aka shafa ma maganin gara da fenti, a bar shi. Wasu na zuba shi a gindin baho su rufe da rairayi a sama, ƙasan ya tsotse, saman ya yi mata daɗin tono. Wannan dabarar ta fi kowanne shi kaɗai, a ganina.

Kafinta Sabon Gari: Gaskiya a shago duk wuri ɗaya muke sharewa. Sai dai in ware.

Abban Sadik: Ɓawon gujiya fa? Garin gujiya muke, masu ɓarza na tara shi tuli.

Likitan Bisashe: A ɗakin kaji yana aiki. Ga mussa sai an daka shi ya yi ƙanana, in ba haka ba tana ƙin takawa. Matsalarshi in ya jiƙe yana yin fumfuna da wuri, kuma fumfunar gujiya ita ce mai fitar da gubar aflatoksin. Da rani ana iya lallaɓawa in ana canzawa kullum, da damina ban ba da shawara ba. Ga shi yana kiran gara da kyankyaso.

Malam na Limanci: Assalamu alaikum. Na ga wani wuri ana cewa a yayyanka tsofaffin takardu a zuba. Mai yin haka ya duba da kyau, littattafan yara na lakkwal da jaridu ba su rasa sunan Allah ko aya a ciki. Sannan a sani, ita mussa jikinta da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne, hadisin Abu Ƙatada ya zo da cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya ku. Amma fitsarinta da kashinta najasa ne a mazhabarmu ta Malikiyya. Don haka bahon ya yi nesa da inda ake salla da inda ake shanya tufafi, inda ta ɓata a ɗaki kuma a wanke da ruwa. Wanda ya tsare ta cikin gida ya hana ta fita, to ci da sha da wurin kewayawarta sun hau kanshi. Kowa ya san hadisin matar da ta ɗaure mussa har ta mutu.

Maman Ilham: Allah gafarta Malam, mun gode. To wankin, ina da girezil (maganin wanke salga) da jabel (ruwan farar da tufafi), wanne ya fi kashe warin ƙarƙashin gadon?

Likitan Bisashe: Ko ɗaya! Alhamdu lillahi da kika tambaya. Girezil da Dettol da danginsu suna da sinadarin fenol, hantar mussa ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi. Ta taka ta lashe, sai dalala da rawar jiki, wata ta mutu. Jabel kuma in ya haɗu da tsohon fitsari yana tada iska mai guba da ke ƙona ƙirji, ke mai wankin za ki fara shaƙa. Omo da ruwan zafi sun isa. Ki fara wanke fitsarin tas, ki ɗauraye, sannan ki goge da ruwan binegar, ki bar taga a buɗe. In warin bai fita ba za ta koma wurin, don hancinta na gaya mata nan ne makewayi. Ki toshe ƙarƙashin gadon da kwali na ɗan lokaci, ki ɗauki ɗan kashinta ki sa cikin sabon bahon. Kuma kada a doke ta ko a tura hancinta ciki, ɓoyewa kawai za ta ƙara yi.

Hajiya ta Bagalam: Sai ki bi da turaren wuta ɗiyata, gida ya yi daɗi.

Maman Walid: A falo dai Hajiya. Ni da na kai kasko kusa da bahon tawa, ƙaura ta yi ta koma bayan buhun gawayi.

Alhaji Mai Shago: Nan kam na yarda. Ko cikin na buhun akwai masu ƙamshin furanni, don mai saye anka yi su, ba don mussa ba. Marar ƙamshi za a ce a riƙo.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri in shigo da wata. Ni iyalina na da juna biyu, kuma an ce mini mussa na sa ɓari. Na yanke shawarar in kai tamu can wajen Tibiri in saki. Duk wannan zancen rairayi bai taso ba in akwai mai ciki a gida.

Tanti Ungozoma: Baban Khalifa, dakata tukuna. Abin da aka gaya maka yana da tushe amma an yi mishi ƙari. Cutar sunanta tokzoplasmoz. Ƙwayarta na fita cikin kashin mussa, ba a gashinta ko numfashinta ba, kuma in mace ta kamu karon farko tana da ciki yana iya taɓa idon jariri ko ƙwaƙwalwarshi, ko cikin ya zube. Wannan gaskiya ne. Amma ƙwan da ke cikin kashin ba ya iya kama mutum sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Kashin da aka kwashe a ranar bai kai ga haɗari ba. Kuma mussa ba kullum take zubar da shi ba, sati ɗaya zuwa uku ne bayan ta kamu, galibi daga cin kusu ko ɗanyen nama. Mata da yawa ba ta wurin mussa suke samu ba, ta naman da bai gasu ba ne, da salati da kabeji da ba a wanke da kyau ba, da taɓa ƙasa a ci abinci ba a wanke hannu ba.

Saboda haka maganin a hannunka yake. Kai za ka riƙa kwashe bahon kullum har ta haihu, ita kada ta taɓa. Ka wanke hannu da sabuli. A daina jefa ma mussar ɗanyen nama da kayan ciki. Tsiren da za ka riƙo mata da dare ya gasu har ciki. In kun je awo ku tambayi gwajin jinin.

Baban Khalifa: Ni da girmana in kwashe kashin mussa, Tanti?

Tanti Ungozoma: Kai da girmanka. Ɗanka ne a cikin.

Na Mokoyo: Baban Khalifa, ka yi da asuba kafin maƙwabta su tashi. Mu ƴan zauren nan ba mu ji ba, ba mu gani ba.

Abban Sadik: To abin da aka kwashe ina za a kai? Ni a garkata nike zubawa gindin zogale.

Likitan Bisashe: Ka daina. Kashin mussa ba irin na akuya da saniya ba ne, ba taki ba ne ga abin da za a ci. Ƙwan da Tanti ta faɗa yana iya wuce shekara da rai cikin ƙasa mai laima, kuma jabel ma ba ya kashe shi. Kashin zalla a jefa salga. Rairayin a ƙulle a leda a sa cikin shara, ko a tona rami mai zurfi nesa da rijiya da wurin wasan yara. Kada a juye rairayi a salga, cika ta zai yi. Bentonit kuwa ko kusa da masai na zamani kada ya je, kumbura yake ninki da yawa in ya sha ruwa, zai toshe bututu, mai gidan haya ya tada miki hankali.

Ƙari ɗaya kan bentonit: ba a zuba ma ƴan ƙanana da ba su kai wata uku ba, don suna ɗanɗana komai, in sun haɗiya yana iya dunƙulewa a hanji. Zomaye ma haka, Maman Walid na san kina kiwo, su ciyawa busasshiya ko harawa za ki shimfiɗa musu.

Alhaji Mai Shago: Duk da haka likita, ka faɗi gaskiya, ma'aikaciyar da ke fita tun safe sai la'asar, a bene, wa zai hau mata da rairayi duk kwana biyu?

Likitan Bisashe: Irin wannan in tana da hali ta saya, ban hana ba. Yana da wata fa'ida ma da ba ka faɗa ba: curin na nuna maka yawan fitsarin da take yi. In ya yi girma ƙwarai ko ya ƙanƙance, ka san da matsala a ƙoda ko mafitsara. Abin da ban so shi ne a saba mata da shi, wata biyu kaya su yanke a hanya, a juya ta kan wani abu dare ɗaya. In za a canza a riƙa gaurayawa kaɗan kaɗan har sati. Mai mussa biyu kuma baho uku ya kamata, in ba wuri aƙalla kowace da nata.

Ɗan Zariya: Likita tunda ka ambaci fitsari. Muzuruna tun jiya da dare yake shiga baho yana fita, ya tsuguna ya daɗe yana kuka, in na duba rairayin a bushe. Yau ko kifi bai kalla ba. Na ɗauka rairayin ne bai mishi ba, har na canza. In jiƙa mishi rabin parasetamol?

Likitan Bisashe: Kada ka ba shi! Parasetamol kashe mussa yake, ko ɗan ɓalli ne. Kuma wannan ba zancen rairayi ba ne. Alamar toshewar mafitsara ce, muzurai ta fi kamawa don hanyar fitsarinsu siririya ce. In fitsari bai fita ba kwana ɗaya zuwa biyu ƙoda na tsayawa. Kada ka matsa mishi ciki. Ka sa shi cikin kwali mai huji ka kai shi wurin likitan bisashe yanzu, ba gobe ba. Na turo maka saƙo ta gefe.

Ɗan Zariya: Na gani. Bari in nemi ɗan kabu-kabu, mashin ɗina ba mai.

Kafinta Sabon Gari: Kana wane layi a unguwar Zariya? Ina kusa, in zo in ɗauke ka.